Dabarun Gina Zullumi a Gajeren Fim: Nazari a Kan Fina-finan Kano

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce mu nuna cewa zullumi, watau halin da mai kallo kan shiga idan ya hango masifa tafe amma bai san lokacin saukarta ba, da hoto da sauti ake gina shi, ba da yawan magana ba.

2.0 Ba-zata da Zullumi

A hirarsa da François Truffaut a 1962, Alfred Hitchcock ya kawo misalin bam a ƙarƙashin tebur. Idan ya tashi ba tare da mai kallo ya san da shi ba, razana ce ta 'yan daƙiƙu. Idan kuwa an nuna masa lokacin da aka ajiye shi, to, ko hirar banza ta masu zaman teburin sai ta hana shi sakat. Wannan dabara ba baƙuwa ba ce ga Bahaushe, domin mai ba da tatsuniya takan gaya wa yara cewa Kura na laɓe, tun kafin yarinya ta iso da tulunta.

3.0 Inda Gizo Ke Saƙar

Tun daga Turmin Danya (1990), fina-finan Kano suka gaji ɗabi'ar wasan kwaikwayo na rediyo da talabijin, inda kome sai an faɗe shi da baki. Mugu yakan zauna ya zayyana nufinsa, kyamara tana kafe wuri guda. Bayan Sangaya (1999) kuma rawa da waƙa suka yawaita, har waƙa takan kutso daidai lokacin da zuciyar mai kallo ta fara ɗar-ɗar. Fim na minti 10 ba shi da sararin wannan asara.

Alal misali, mu ɗauki mai gadi a wata masana'antar da ta daina aiki a Challawa, ko Sharaɗa, ko Bompai. Da farko a nuna kwaɗon ƙofar baya a karye, shi kuwa bai gani ba. Sa'an nan a riƙa sauya hoto tsakanin ƙafafun da ke tafe da mai gadin yana haɗa shayi, ana gajarta kowane hoto. A taƙaita haske ga tocilarsa, don duhu ya ɓoye sauran. Daga nan janaretan maƙwabta ya mutu. Shirun da zai biyo baya ya fi kiɗan fiyano tayar da hankali.

4.0 Kammalawa

A ganinmu, rashin kuɗi ba hujja ba ce, tun da kwaɗo da tocila da shiru ba su da tsada. Abin da ake bukata shi ne marubuci ya yanke shawara tun a takarda: me mai kallo zai sani, kuma yaushe. Ya kamata sassan Hausa na kwalejojinmu su sa wannan cikin darasin wasan kwaikwayo, a riƙa ba ɗalibai aikin tsara fitowa guda wadda babu magana a cikinta.