Hobyot ba gauraye ba ne: sharhi kan ƙamus na Nakano

A shekarar 2013 aka buga ƙamus ɗin kalmomin Hobyot na Aki'o Nakano a birnin Tokyo, bayan rasuwarsa, Robert Ratcliffe ya tsara shi. Hobyot harshen makiyaya ne mazauna duwatsun iyakar Yaman da Oman, tsakanin lardin Mahara da Zufar. Bisa ƙiyasin masu bincike, masu jin sa ba su kai 1000 ba. Ɗaya ne daga harsuna 6 na kudancin yankin Larabawa, tare da Mehri, Harsusi, Baɗhari, Jibbali da Soƙoɗri. Dukansu Semitik ne, amma ba kare-karen Larabci ba ne.

Littafin ya cike babban giɓi. Sai a 1981 Johnstone ya ambaci harshen a ƙamus nasa na Jibbali, kuma har 2013 abin da ke hannunmu bai wuce ƴan maƙalu ba. Yanzu muna da kalmomi da jimlolin misali.

Amma akwai inda za mu ja hankali. Mai duba jerin kalmomin zai ga wannan ta yi kama da ta Mehri, waccan da ta Jibbali, sai ya koma kan tsohon ra'ayin cewa Hobyot gaurayen biyun ne. Wannan kuskuren hanyar nazari ne. Kalma baƙuwa ce, tana bin kasuwa da auratayya. Hausa cike take da kalmomin Larabci, amma wannan bai fitar da ita daga dangin Cadi ba. Abin da ke nuna dangantaka shi ne tsarin aikatau da lamirai da daidaiton sauye-sauyen sauti. Tun 1993 Werner Arnold ya nuna Hobyot harshe ne mai zaman kansa, kuma galibin masana suna sa shi rukuni ɗaya da Mehri. Ƙamus ba ya iya yanke wannan hukunci, aikin nahawu ne.

Maganar ba ta masana kaɗai ba ce. Yaran Hobyot da Larabci suke karatu, Mehri kuma ya fi nasu rinjaye a yankin. Uban da aka ce wa harshensa ɓataccen Mehri ne, da wace hujja zai koya wa ɗansa shi? Fassarar ƙamus ɗin kuwa da Turanci take, ba da Larabcin da masu harshen ke karantawa ba.

Don haka buƙata biyu ta rage: cikakken nahawu da aka gina kan maganar tsofaffi tun suna raye, da bugu mai fassarar Larabci da zai koma hannun masu shi.