Tsohuwar Tsirkiya Ko Sabuwa: Nazari Kan Al'adar Makaɗan Jitar Bes

A tsakanin makaɗan jitar bes, jitar nan mai kaurin murya da ke riƙe gindin kiɗa, akwai gardamar da ta haura shekara hamsin ba ta kwanta ba: tsirkiya ta fi daɗi in ta tsufa, ko ranar da aka ɗaura ta? Na waje zai ɗauka batun tsafta ne ko tsimin kuɗi. In aka bi diddigi, matsayin makaɗin ake jayayya a kai: ya zauna ƙarƙashin waƙa ya tallafe ta, ko ya fito gaba a ji shi.

Kafin 1951, mai kiɗan bes a Amurka yana fama ne da ƙaton gogen nan na tsaye, wanda ya kai tsawon mutum, ga wahalar ɗauka, ga ganguna da ƙahonni suna danne muryarsa. A shekarar ne Leo Fender ya fito da Precision Bass a Kalifoniya, mai tsirkiya huɗu, a rataya a kafaɗa a jona wa lantarki. Tsirkiyarta mafi kauri tana kaɗawa kusan sau 41 a daƙiƙa, sautin da ƙirji ke ji kafin kunne ya tantance shi. A 1960 Jazz Bass ta biyo baya da siririn wuya da murya mai ɗan kaifi. Tsirkiyoyin zamanin masu santsi ne, domin shimfiɗaɗɗen ƙarfe ake naɗawa a kan wayar tsakiya. In an taɓa su sai su ce dum, su yi shiru da wuri.

Limamin mazhabar tsohuwar tsirkiya shi ne James Jamerson na kamfanin Motown da ke Detroit a lokacin. Jitarsa Precision ce ta 1962, tsirkiyoyinsa masu santsi ne na kamfanin La Bella, kuma ba ya canza su sai ɗaya ta tsinke. Akwai soso a ƙarƙashin murfin gindin jitar da ke daɗa kashe amon, sannan da yatsa guda, manuni, yake kaɗawa. Da waɗannan kayan ya yi kiɗa a faifan What's Going On na Marvin Gaye a 1971. Hikimar a fili take: tsohuwar tsirkiya ba ta da ƙarar sama, don haka ba ta shiga gonar mawaƙi ko ta fiyano. Shi ya sa Jamerson ke iya yawo da yatsansa ko'ina a cikin waƙa ba tare da ya rufe kowa ba. A Jamaika ma Aston Barrett, da aka fi sani da Family Man, hanyar da ya bi ke nan a ƙungiyar Bob Marley, da Jazz Bass da tsirkiya mai santsi, ya rage kaifi ya bar zurfi. A wurin waɗannan, da tsohuwar zuma ake magani.

Ɗaya mazhabar daga Ingila ta taso. John Entwistle na ƙungiyar The Who yana kiɗa ne tsakanin mai ganga marar sassauci da jita mai tsawa, ya ga in bai samo kaifi ba zai nutse. A 1966 ya haɗa kai da kamfanin Rotosound wajen gyara tsirkiya mai kaushi, wadda zagayayyiyar waya ake naɗa mata, har yatsa na jin tudu da kwari in ya bi ta kanta. Muryarta garau, amonta na daɗewa. A shekarun 1970 ta zama abin yayi, musamman da salon Larry Graham ya bazu, na dukan tsirkiya da babban yatsa da fizgo ta da manuni, salon da ya ƙirƙiro lokacin da yake kiɗa da mahaifiyarsa ba su da mai ganga. Jaco Pastorius ya kai abin maƙura. Ya ciccire ƙarafan da ke gicce a wuyan Jazz Bass ɗinsa, ya cike gurabensu, ya shafe katakon da irin ƙaron da ake shafa wa kwalekwale, domin ya san tsirkiya mai kaushi cin katako take yi. Daga nan bes ta fara rera waƙa da kanta.

Kaifin nan yana da farashi. Gumi da maiƙon hannu da dattin fata suna shiga ramukan naɗin su daskare, gishirin gumi ya kawo tsatsa, cikin 'yan makonni muryar ta dusashe. Ga shi tsirkiyar bes ta fi ta ƙaramar jita tsada nesa ba kusa ba. Daga nan dabaru suka fito. Mai kula yakan wanke hannu kafin ya taɓa jita, in ya gama ya zura ƙyalle ƙarƙashin kowace tsirkiya, ya matse, ya ja daga gindi har wuya, sai ka ga baƙin layi a jikin ƙyallen. Wanda aljihunsa ya yi sanyi yakan kwance su, ya naɗe, ya tafasa a tukunya na 'yan mintuna, ya shanya su bushe ƙarau kafin ya mayar. Kaifin yakan dawo, amma ba ya jimawa, domin tafasa datti take cirewa, ba ta gyara ƙarfen da ya gaji ya lotsa a inda yake gugar ƙarafan wuya. Wasu a sifirit suke jiƙa su don gudun tsatsa. A ƙarshen shekarun 1990 kamfanin Elixir ya kawo tsirkiya mai siririn rufi da ke hana datti shiga, sai wata gardamar ta tashi, masu cewa rufin na rage armashi. Akwai kuma Steve Harris na Iron Maiden da ya ɗauki rabi nan rabi can: mai santsi yake ɗaurawa, amma yana sabunta ta a kai a kai don kada kaifinta ya tafi.

Duk wannan lissafi na ɗaki ne, dandali ke yanke hukunci. Sautin da makaɗi ya ɓata mako yana gyarawa a gida yakan zama gurnani marar fasali a zaure mai bangon siminti, a fili kuwa ya watse. Maganin farko da aka nema shi ne ƙarfi: amfilifayar Ampeg SVT ta 1969 mai wat 300, da akwatin lasifika takwas, nauyin da sai mutum biyu sun kama. Yau akwai amfilifayar da ke shiga jakar goyo, kuma a manyan wuraren wasa waya ake ja daga jitar kai tsaye zuwa na'urar injiniyan sauti, wato abin da jama'a za su ji yana hannun wani. Abin da ke kunyata makaɗi kuwa ƙanana ne: wayar da ta tsinke ta ciki, ko batirin jitar da ya mutu ana tsakar wasa saboda an kwana ba a zare wayar ba. Yanayi ma da nasa. Wuyan jita katako ne, yana shan danshi yana bushewa, don haka jitar da aka daidaita a Legas da damina, in ta sha hunturun Kano, tsirkiyoyinta na iya fara zuza sai an juya sandar ƙarfen da ke cikin wuyan, gefen ƙarafan wuya kuma ya riƙa kartar hannu.

In za a yi wa mazhabobin biyu adalci, kowace tana da inda take faɗuwa. Bayan Motown ya koma Los Angeles a 1972, masu shirya faifai suka koma neman kaifi, Jamerson ya ƙi sauya tsirkiya, wannan na cikin abubuwan da suka sa aiki ya ja baya gare shi har rasuwarsa a 1983. Masu kaifi kuma sun cika faifai da yawa na shekarun 1980 da ƙarar da ba ta ƙara wa waƙa komai ba. Wanda ya fi fahimtar lamarin shi ne Pino Palladino. Ya yi suna a 1983 a waƙoƙin Paul Young da jitar Music Man marar ƙarafan wuya, muryarta a gaba. Da D'Angelo ya kira shi aikin faifan Voodoo da ya fito a 2000, sai ya ɗauko Precision mai tsirkiya mai santsi, ya koma ƙasa ya lafe kusa da mai ganga. Hannu ɗaya ne ya yi duka biyun, kuma a kowanne waƙar ya fara saurara kafin ya buɗe akwatin jita. Makaɗin da ya zaɓi tsirkiya kafin ya san waƙar da za a yi da mai gangar da zai zauna kusa da shi, ya fara aikin daga ƙarshe.