Yadda Fasfo Ke Ba da Shaida a Ƙasar Waje

Jami'in shige da fice a filin jirgin Jidda ba shi da hanyar leƙa rumbun bayanan Abuja, amma cikin 'yan daƙiƙu na'urarsa kan nuna masa ko fasfon alhajin da ke gabansa na gaske ne. Masu tsara wannan aiki sun yi wata dabara da ta cancanci jinjina: sun sa fasfon ya zo da shaidarsa a jikinsa, ba sai wata ƙasa ta miƙa wa wata asirin 'yan ƙasarta ba.

Tushen abin wata ƙa'ida ce mai lamba 9303, wadda Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Duniya, ICAO, da ke Montreal a Kanada ta fara fitarwa a 1980. Buɗe shafin hotonka ka duba ƙasa. Layuka biyu ne, kowanne da gurbi 44, kuma ba a yarda da komai a ciki ba sai haruffan A zuwa Z, da lambobi, da alamar <. Shi ya sa Ɗanladi kan koma DANLADI a wurin, kamar yadda ü ta Jamusawa kan koma UE. Kowa ya ɗan sassauta domin na'ura ɗaya ta karanta kowa.

Abin da ya fi burge ni shi ne lambar tantancewa. Ana ninka lambobin ranar haihuwa ko na fasfon da 7, da 3, da 1, bi da bi, a tara, a ɗauki lambar ƙarshe ta jimlar. Ga 1, 2, 3: 7 da 6 da 3 sun ba da 16, sai a rubuta 6. Idan na'ura ta karanta lamba ɗaya a karkace, lissafin ba zai daidaita ba. Lissafin ɗan firamare ne, amma a kullum yana kare matafiya daga kuskuren da zai sa a tsare su.

Sai ɗan guntun na'urar da ke ɓoye a cikin fasfon. Malesiya ce ta fara irin wannan a 1998, Najeriya ta bi a 2007. Guntun ba ya buɗewa sai an fara karanta shafin hoton, don haka wanda ya gifta kusa da aljihunka ba zai kwashe bayananka ba. Abin da ke cikinsa kuma yana ɗauke da hatimin ƙasar da ta bayar, hatimi na lissafi wanda sauya harafi ɗaya ke ɓata shi. Domin kowace ƙasa ta gane hatimin 'yar uwarta, ICAO ta buɗe rumbun musayar makullan tantancewa a 2007.

Nan ne aikin ya fi wuya, domin ya wuce na kwamfuta. Sai an zaunar da gwamnatocin da ba su yarda da juna ba, an daidaita su a kan gurbi ɗaya da harafi ɗaya. Injiniyoyin da suka jure wannan zama sun yi wa matafiya babban aiki.