Wahalar Ɗalibi Kashi Biyu Ce: Sharhi a kan Zaman Jami'a a Tamale

Gabatarwa

Duk ɗalibin da ya yi kukan zaman jami'a, amsar da yakan samu daga manya ita ce, ilimi sai da wahala. Wannan takarda za ta yi nazarin wannan magana, tare da ɗaukar misali daga Tamale, babban birnin Jihar Arewa ta ƙasar Gana. Ra'ayinmu shi ne, maganar tana da gaskiya, amma ana amfani da ita wajen rufe bakin ɗalibi. Akwai wahalar da take koyarwa, akwai kuma wadda cin lokaci kawai take yi.

Wahala mai koyarwa

An kafa Jami'ar Nazarin Ci Gaba, wadda aka fi sani da UDS, a shekarar 1992, zamanin mulkin Jerry Rawlings. Ta fara karatu a 1993 da ɗaliban aikin gona kimanin 40 a Nyankpala, yamma da Tamale. Abin da ya bambanta ta da tsofaffin jami'o'in kudu, irin su Legon, shi ne ta raba shekara zango uku. A zango na uku akan kasa ɗalibai rukuni-rukuni, a tura su ƙauyuka su zauna makonni, su rubuta rahoto a kan ruwan sha, da gonaki, da makarantu, da lafiyar mutanen wurin.

Zaman ba shi da daɗi. Ga sauro, ga girki da itace ko gawayi, ga nisa da gida. Duk da haka wannan wahala tana da ma'ana, domin gani ya kori ji. Wanda zai zama ma'aikacin gona ko malamin asibiti, in ya taɓa bin layin rijiyar burtsatse, ba zai manta ba ranar da ya zauna a ofis.

Sai dai ko a nan akwai abin suka, kuma ya shafi masu nazarin harshe. Da Ingilishi ake karatu, da shi ake rubuta rahoto, alhali mutanen ƙauyukan da ke kewaye da Tamale Dagbanci suke yi. Hausa tana ci a kasuwa da zango, amma ba kowane manomi ke jin ta ba. Ɗalibin da ya zo daga Kumasi ko Ankara dole ya nemi tafinta, tafinta kuwa yakan taƙaita doguwar magana, ko ya gyara ta yadda yake ganin baƙo zai so. Idan an tura mutum sauraren jama'a, kamata ya yi a fara ba shi kunnen da zai ji su da shi, ko da gaisuwa ce da kalmomin gona da na ciwo.

Wahala mai cin lokaci

Kashi na biyu shi ne abin da ɗalibi yake fama da shi a cikin gari. Na farko shi ne masauki. A 2017 gwamnatin Gana ta mayar da karatun babbar sakandare kyauta, rukunin farko suka kammala a 2020, masu neman jami'a suka ƙaru. Ɗakunan kwanan jami'o'in gwamnati ba sa ɗaukar kowa, saboda haka da yawa sukan kama haya a waje, ko a ɗakunan kwana na 'yan kasuwa, ko a unguwannin gari irin su Dabokpa. Dokar haya ta 1963 ta hana mai gida karɓar kuɗin fiye da wata 6 a gaba, amma abin da aka saba a biranen Gana shi ne a nemi na shekara ɗaya ko biyu. A 2025 gwamnati ta fito da shirin ɗauke wa 'yan shekarar farko kuɗin makaranta. Wannan ya rage wa iyaye nauyi, amma kuɗin makaranta daban, kuɗin ɗaki daban.

Na biyu shi ne ruwa. Ruwan famfon Tamale daga Dalun ake turo shi, a bakin kogin Farin Volta, birnin kuwa ya girma ya fi ƙarfin abin da ake turowa. Unguwa takan yi kwanaki famfo bai kawo ba, musamman da rani. Ɗalibin da ya yi asubanci da jarka yana neman ruwa, sannan ya hau keke mai ƙafa uku zuwa harabar Dungu, ya riga ya gaji kafin malami ya shigo aji.

Na uku shi ne yajin aiki. A Janairun 2022 ƙungiyar malaman jami'o'in Gana ta tafi yaji a kan albashi da yanayin aiki, aka yi kimanin mako 6 babu darasi. Abin bai kai na Nijeriya ba, inda a wannan shekara jami'o'i suka yi wata 8 a rufe. Amma asarar iri ɗaya ce: kuɗin haya yana tafiya, ɗalibi yana zaune, in an dawo kuma a matse karatu a kora shi zuwa jarrabawa.

Masu cewa duk wannan yana koyar da haƙuri sun manta da abu ɗaya. Wannan wahala ba kowa take samu ba. Ɗan mai hali yana ɗaki mai tankin ruwa, yana da babur. Ɗan talaka shi ke ɗaukar jarka, amma ranar jarrabawa takarda ɗaya ake ba su, da mudu ɗaya ake auna su. Da a ce darasi ce, da an raba ta daidai kamar yadda ake raba zaman ƙauye.

Kammalawa

Ma'aunin da muke ba da shawara a riƙa amfani da shi mai sauƙi ne. A tambaya: me ɗalibi ya sani bayan wannan wahala wanda bai sani ba kafin ta? Idan akwai amsa, a bar ta, a kuma gyara ta, kamar a koyar da harshen ƙauye kafin a tura mutum can. Idan babu amsa, to hukuma da jami'a da masu gidaje su ne da aiki a gabansu, ba ɗalibin da ake ce wa ya yi haƙuri ba.