Kama da Wane Ba Wane Ba Ne: Bincike a kan Neman Almasihu cikin Labarin Superman

A cikin shekara ta 2013, sa'ad da kamfanin sinima na Warner Bros. da ke ƙasar Amurka ya ke shirin fitar da fim ɗin nan mai suna Man of Steel, sai aka gayyaci limaman majami'u su zo su kalla kyauta tun kafin sauran jama'a. Aka kuma tanadar musu takardar wa'azi shiryayyiya, wadda Craig Detweiler, wani malami na Jami'ar Pepperdine, ya rubuta, inda aka jera wuraren da jarumin fim ɗin, watau Superman, ya yi kama da Yesu Almasihu. Waɗansu limamai suka karɓa da murna, waɗansu kuwa suka ce an mai da mumbari rumfar talla. Wannan takarda za ta duba al'amarin ta fuskar nazarin labari, domin a gane ko kamar da a ke faɗi tana nan, in kuwa tana nan, ina iyakarta.

I. Asalin al'adar

Neman darasin ruhaniya cikin labaran da jama'a ke sha'awa tsohuwar al'ada ce a wurin Kirista, tushenta kuwa yana cikin Littafi Mai Tsarki kansa. A cikin Ayyukan Manzanni, sura ta 17, an ba da labarin yadda Manzo Bulus ya tsaya gaban mutanen Atina, ya buɗe jawabinsa da zancen wani bagadi nasu da suka keɓe wa allahn da ba su sani ba, sa'an nan ya kafa hujja da maganar mawaƙansu na Girka. Marubutan Sabon Alkawari kuma sun saba karanta labaran Tsohon Alkawari a matsayin ishara: kwana ukun da Yunusa ya yi a cikin kifi, da macijin tagulla da Musa ya ɗaga a jeji, duka an fassara su da cewa suna nuni ga abin da zai sami Almasihu.

Amma tun farko malamai ba su zama baki ɗaya ba game da littattafan waɗanda ba Kirista ba. Tertullian, mutumin Kartaj, wajen shekara ta 200, ya ga babu abin da ya gama Atina da Urushalima. Basil na Kaisariya, a ƙarni na 4, ya shawarci samari su yi koyi da ƙudan zuma, su ɗebi abin da zai amfane su daga ko wane fure, su bar saura. Augustine kuma ya kwatanta ilmin al'ummai da zinariyar da Bani Isra'ila suka fita da ita daga Masar. A zamanin nan, littafin Robert Short mai suna The Gospel According to Peanuts, wanda ya fito a tsakiyar shekarun 1960, shi ya share fage ga ɗimbin littattafai masu tono bishara daga zanen barkwanci da sinima da waƙoƙi. Saboda haka gardamar da aka yi a 2013 ci gaba ce ta wadda aka soma ƙarnuka goma sha takwas da suka wuce.

II. Musa ne ko Almasihu?

Kafin a yanke wa labari hukunci, wajibi ne a san inda ya fito. Samari biyu ne suka ƙago Superman, Jerry Siegel da Joe Shuster, mazauna birnin Cleveland, dukansu 'ya'yan Yahudawa ne da suka yi ƙaura daga gabashin Turai. Labarin ya fara fitowa a lamba ta farko ta mujallar Action Comics a 1938, bayan sun sayar da haƙƙinsa a kan dala 130. Zubinsa sananne ne: wata duniya mai suna Krypton tana gab da halaka, sai aka sa jariri cikin ƙaramin jirgi aka harba shi sararin sama, ya faɗo a doron ƙasa, baƙi suka tsince shi suka rene shi, ya girma da ƙarfin da ya wuce na 'yan Adam.

Duk wanda ya karanta sura ta 2 ta Littafin Fitowa zai gane wannan zubi nan da nan. Jaririn da iyaye suka sa cikin kwando suka ajiye a bakin kogi don ya tsira daga kisa, aka tsince shi aka rene shi a gidan da ba nasu ba, ya tashi da asali biyu, ai Musa ke nan. Har ayyukan farko na jarumin sun bi wannan sawu. A cikin lambar 1938 ya kuɓutar da wata mace da za a kashe bisa kuskure, ya kuma hori wani mutum mai dukan matarsa; Musa ma da ya girma ya tsaya wa Ba'ibranen da a ke duka, ya kuma taimaki 'yan matan Madayana a bakin rijiya sa'ad da makiyaya suka kore su.

Akwai wata hujja da masu wa'azi kan kawo, cewa sunayen Jor-El da Kal-El suna ɗauke da kalmar El, wadda ta ke nufin Allah da Ibrananci. Kalmar dai gaskiya ce, amma tarihi ya rage wa hujjar ƙarfi. A cikin zanen jarida na 1939, Jor-L aka rubuta sunan uban, da harafi guda a ƙarshe. Sai a littafin George Lowther na 1942 aka mai da shi Jor-el. Watau abin da a ke ɗauka asiri ne da maƙaga suka binne, wani hannu ne ya ƙara shi daga baya.

Rigar Almasihu kuwa masu sinima ne suka ɗinka masa sannu a hankali. A fim ɗin Richard Donner na 1978, uban, wanda Marlon Brando ya fito a matsayinsa, an ba shi siffar mai aiko da ɗansa tilo domin ya zama haske ga mutanen duniya. A 1992 mujallar ta kashe jarumin, ta komo da shi a 1993. A fim ɗin Superman Returns na 2006 an soke shi a kwiɓi, ya faɗo daga sama hannuwa a miƙe, daga baya aka tarar da gadonsa na asibiti babu kowa. A Man of Steel na Zack Snyder kuma an ce shekarunsa 33, aka nuna shi cikin majami'a yana neman shawara, a bayansa ga hoton Yesu yana addu'a a Getsamani. Lalle mai wa'azin da ya ga waɗannan alamu bai yi mafarki ba. Da gangan aka shuka su, shi kuma ya tsinta.

III. Inda hanya ta rabu

Kuskuren ya kan shigo ne sa'ad da aka ƙidaya alamu aka manta da jigo. Miƙa hannuwa, da sukan kwiɓi, da adadin shekaru, duka ado ne na waje. Ko shekara 33 ɗin ma al'ada ce ta lissafta, gama Luka ya ce ne kawai Yesu yana da wajen shekara talatin sa'ad da ya fara aikinsa. Abin da ya kamata mai nazari ya tambaya shi ne: ta wace hanya a ke samun ceto a cikin wannan labari, ta wace hanya kuma a cikin wancan?

Amsar Man of Steel a fili ta ke. Bayan an gwabza faɗan da ya rushe benaye masu yawa na birnin Metropolis, jarumin ya karya wuyan abokin gabansa, Janar Zod, domin ya hana shi halaka waɗansu bayin Allah. Ceto ya zo ne domin ƙarfin mai kirki ya rinjayi ƙarfin mugu. Fim ɗin ya nuna jarumin yana kururuwar baƙin ciki bayan kisan, wannan kuwa abin yabo ne ga mai shirya shi. Amma dai zubin labarin bai bar wata ƙofa ba sai ta ƙarfi.

Getsamanin da aka rataya hotonsa a bayan jarumin kuwa, akasin wannan ya ke koyarwa. A nan ne, bisa ga Matiyu sura ta 26, ɗaya daga cikin almajirai ya zare takobi, Yesu ya umarce shi ya mai da shi kube, ya kuma nuna cewa da ya so da ya roƙi rundunonin mala'iku fiye da goma sha biyu. Luka ya ƙara da cewa ya warkar da kunnen bawan da aka sara. A kan gicciye aka yi masa ba'a aka ce ya sauko ya ceci kansa, bai sauko ba. Wasiƙar Bulus zuwa ga Filibiyawa, sura ta 2, ta gina koyarwarta a kan wannan: mai iko ya ajiye ikonsa, ya ɗauki siffar bawa, ya yi biyayya har mutuwa. Superman ya kan ɓoye ƙarfinsa a bayan tabarau da tufafin ɗan jarida, amma da zarar rana ta ɓaci sai ya yaye riga ya fito da shi. Almasihu na Linjila, a ranar da ta fi ko wace ɓaci, shi ne ya ƙi fito da nasa.

Ga hatsarin ke nan. Yaron da aka gaya masa cewa Yesu shi ne jarumin jarumai zai iya fita daga aji yana tsammanin mai ceto shi ne wanda ya fi kowa iya naushi, alhali kuwa marubutan Linjila sun ɗauki wahala ƙwarai don su nuna cewa irin wannan tsammani ne ya sa har almajirai suka kasa fahimtar malaminsu. An shiga da niyyar a fassara fim da Littafi, an fito fim ne ya fassara Littafi. Ban da haka, an yi wa samarin Cleveland rashin adalci, tun da an tuɓe wa labarinsu asalinsa na Yahudanci, na ɗan gudun hijira mai neman wurin zama a baƙuwar ƙasa.

IV. Abin da ya rage ga malami

Wannan duka bai soke al'adar ba, ya dai sa mata sharaɗi. Manyan marubuta biyu na Ingila, dukansu Kirista, sun bar ma'auni mai amfani. J. R. R. Tolkien ya bayyana cewa ba ya son labarin da marubuci ya ɗaure ma'anarsa, ya bambanta wannan da 'yancin mai karatu na ɗauko darasi da kansa. C. S. Lewis kuwa ya yarda cewa zakin nan Aslan na littafinsa na 1950 amsa ce ga tambayar yadda Almasihu zai kasance a wata duniya dabam, shi ya sa ya bar zakin ya miƙa kansa a yanka shi a madadin yaro maci amana. A nan jigo da alama sun tafi tare. Malamin da ya ajiye Aslan da Superman gefe da gefe a gaban ɗalibai, ya tambaye su abin da ko wanne ya yi sa'ad da mugu ya tsaya a gabansa, ya koyar da nazarin labari da ilmin addini a darasi guda.

Sharuɗɗan uku ne. Na farko, a binciki wanda ya sa alamar da dalilinsa, ko maƙagi ne, ko wanda ya gaje shi, ko ɗan kasuwa mai neman 'yan kallo. Na biyu, a auna jigo kafin a ƙidaya alamu. Na uku, a faɗi wurin da labaran biyu suka rabu da ƙarfin muryar da aka faɗi wurin da suka haɗu. Hausawa sun daɗe da taƙaita wannan da cewa kama da Wane ba Wane ba ne.

Bulus ma haka ya yi a Atina. Ya shiga ta ƙofar bagadinsu da mawaƙansu, amma bai tsaya nan ba, ya zarce ga zancen tuba da shari'a da tashi daga matattu, abin da ya san zai yi wa masu sauraronsa nauyi. Littafin ya ce waɗansu suka yi masa ba'a, waɗansu suka ce a bari sai wani jiƙon, 'yan kaɗan kuma suka ba da gaskiya, cikinsu har da Diyonisiyus da wata mace mai suna Damaris. Da ya tsaya a kan kama kaɗai, da taron ya watse kowa yana murna, ba wanda ya ji wani abu da bai riga ya sani ba.