Samanja Mazan Fama

Ranar 12 ga Nuwamba, 2023, Allah ya yi wa Usman Baba Pategi rasuwa a Kaduna. Banufe ne, ɗan gidan sarauta, amma duniya da Samanja ta san shi.

Soja ne na gaske kafin ya zama na wasan kwaikwayo, shi ya sa ba ya lalube. Ya ƙame, ya zare ido, ya daka wa kurtu tsawa, yana cuɗa Hausa da Turancin bariki, sai mutane su yi ta dariya har da riƙe ciki. Rediyo da talabijin na Kaduna sun ci moriyarsa shekara da shekaru.

Har a Ghana ma, dattawan zango a Salaga, Yendi da Bawku ba sa buƙatar tafinta wajen jin wannan Hausa, domin da irinta kakanninsu suka yi soja zamanin Turawa.