3.4 Tauraro da Bindiga: Kwatanci Tsakanin Shane da Unforgiven

A wannan sashe za a kwatanta finafinan kaboyi guda biyu, wato Shane (1953) na George Stevens a matsayin wakilin na da, da kuma Unforgiven (1992) na Clint Eastwood a matsayin wakilin na zamani. An zaɓe su ne domin dukkansu labarin ya wakana a yankin Wyoming na Amurka a ƙarshen ƙarni na 19, kuma a kowannensu tauraron tsohon ɗan bindiga ne da ya so ya tuba, amma tilas ta mayar da shi gidan jiya. Abin da za a duba shi ne yadda kowane fim ya ɗauki al'amarin kisa.

A fim na farko, Shane baƙo ne da ya sauka a gidan wani manomi, Joe Starrett, ya ajiye bindigarsa ya kama aikin gona. Sai dai Ryker, mai garken shanu, ya ƙuduri aniyar korar manoman daga filayen kiwo, har ya yi hayar wani makashi mai suna Wilson. A nan an raba gari da mugu a fili, ta yadda mai kallo ba zai ruɗe ba. Da aka zo arangamar ƙarshe, cikin ƙiftawar ido Shane ya harbe Wilson da Ryker da ɗan'uwansa, manoma suka tsira. Kisan ya zamo maganin zalunci ke nan. Wannan tsari bai rasa nasaba da dokar tace finafinai ta Holiwud, wadda aka tsananta aiki da ita daga 1934 har aka yi watsi da ita a 1968, domin ta hana nuna kisan gilla dalla-dalla.

Idan kuwa aka dubi Unforgiven, za a ga William Munny tsoho ne mai kiwon aladu, matarsa ta rasu ta bar masa 'ya'ya biyu. Ba kare raunana ya fito da shi ba, illa ladan dala 1,000 da wasu karuwai suka sa ga duk wanda ya kashe kaboyi biyu, saboda ɗayansu ya yanki fuskar 'yar'uwarsu. Ko hawan doki yana neman gagararsa. Haka kuma mutuwa a wannan fim ba ta da ƙawa. Kaboyi na farko ya jima yana kakari yana roƙon ruwa, na biyu kuma a makewayi aka harbe shi. Saurayin da ya harbe shin, wanda ya yi ta cika baki cewa ya kashe mutum biyar, sai ga shi yana kuka yana cewa wannan ne karonsa na farko, ya kuma rabu da bindiga.

Duk da haka, kuskure ne a ɗauka cewa fim na da bai san nauyin jini ba. Shane bai zauna ya ci moriyar nasararsa ba. Ya hau doki da rauni a jikinsa ya bar garin, yaro Joey yana kiransa bai juyo ba, domin mai jini a hannu ba shi da mazauni cikin manoma. Haka nan Unforgiven bai kuɓuta daga abin da yake suka ba. Bayan shugaban 'yan doka Little Bill ya kashe Ned, abokin Munny, sai fim ɗin ya ba mai kallo irin ramuwar gayyar da ya saba jira, inda Munny shi kaɗai ya ga bayan mutum biyar.

Bisa ga wannan, a ra'ayin mai wannan nazari bambancin ba a jigo yake ba, a warwararsa yake. Shane ya ɗora nauyin kisa a wuyan tauraro, ya bar mai kallo da natsuwa. Unforgiven kuwa ya sa mai kallo ya yi murna da kisan, alhali ya riga ya nuna masa muninsa. Sashe na gaba zai dubi matsayin mata a finafinan biyu.